Wa Ke Sallama? Na'urar Ƙofar Gida a Paraku da Jugu

 

Kwanakin baya na je gaida wani tsohon abokina a unguwar Zongo ta nan Paraku, a ƙasar Benin, bayan azahar, rana tana dukan tsakar ka. Gidan da na sani da zaure da dakali, inda dattawa ke baje tabarma su yi ta hira har la'asar, yanzu an zagaye shi da doguwar katanga, an kafa masa ƙofar ƙarfe baƙa wuluk. Na yi sallama. Ƙarfe kuwa ba ya amsa sallama. Na ciro mabuɗin babur na ƙwanƙwasa, na ƙara ƙwanƙwasawa har maƙwabta suka fara leƙowa. Na kira wayarsa, ashe tana ɗaki tana caji, shi kuma yana can ƙuryar gida wajen tumakinsa. Wata yarinya mai tallar gyaɗa ce ta tausaya mini, ta nuna mini wani ɗan akwati manne a jikin ginshiƙi, ta ce, “Baba, wannan ake dannawa.” Na danna. Shiru, kamar malam ya ci shirwa. Da aka buɗe mini daga ƙarshe, sai maigidan ya ce, “Ayya Malam, yi haƙuri, ai abin nan tun damina ya mutu.”

A kan wannan ɗan akwati za mu yi magana yau. Masu aikin lantarki a nan suna kiransa da sunansa na Faransanci, antarfon, in kuma mai nuna hoto ne su ce biziyofon. Ni dai na'urar sallama nake cewa, domin aikinta ke nan: ta ɗauki sallamar baƙo daga bakin titi ta kai cikin gida, ta dawo masa da amsa.

Abin da ya sa maganar ta dame ni, garuruwan nan biyu, Paraku da Jugu, baƙi ne suka raya su. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da ƙasar Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro ta nan yake bi: a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, a yada zango a Paraku, a wuce Jugu, sannan a miƙa har Salaga. Unguwar Wangara ta Jugu fatauci ne ya kafa ta. A wancan zamani saukar da baƙo sana'a ce guda. Fatoma zai karɓi madugu da jama'arsa, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya ci la'adarsa, kuma gidan da ba a amsa sallama a ƙofarsa ba shi da rabo a kasuwar. Da jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, tafiyar kilomita 438, sai garin ya zama inda ake sauke kaya daga tarago a loda wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da cikin Nijar. Baƙin suka ƙaru. A ƙidayar 2013 mutanen Paraku sun haura 255,000, na gundumar Jugu sun haura 267,000, kuma kowa ya san an wuce nan yanzu.

Gidan Bahaushe kuwa yana da tasa dabarar tun kaka da kakanni: zaure da yaro. Baƙo ya shiga zaure, ya samu inuwa da wurin zama, ya ɗaga murya ya yi sallama, idonsa bai kai ga tsakar gida ba. Yaro ya leƙo, ya koma da gudu. “Wai ana sallama da Baba.” “Wane ne?” “Wani mai farar riga ne, da carbi.” Shi ke nan, maigida ya gane. To zauren nan yanzu an mai da shi shago, ko an rushe shi don mota ta samu hanyar shiga. Satar babura ta sa katanga ta ƙara tsawo. Yaron kuma yana makaranta har yamma. Saboda haka duk wanda ya kafa ƙofar ƙarfe, aikin yaron nan ya rage a wuyansa, kuma da wannan ma'auni nake auna kowace na'ura: shin tana jin sallama a kowane lokaci, tana faɗin gaskiyar wanda ya zo, tana iya buɗe masa?

Mu fara da kasuwa. Akwai mai murya kaɗai: a waje maɓalli da lasifika, a ciki abin ɗagawa kamar wayar tarho ta dā. Ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma tana da juriya domin babu abin lalacewa da yawa a cikinta. Akwai mai hoto, wadda ke da kyamara a waje da ɗan allo a ciki. Gani ya kori ji, kuma ga gidan da mata ne ke wuni a ciki, wannan ita ce ta fi dacewa, don murya ana iya kwaikwayo. Sai ta uku, mai aiki da intanet, wadda in an danna a ƙofa wayarka ta hannu za ta yi ƙara ko kana tsakiyar kasuwar Arzeke ta nan Paraku, ko ma kana Kwatano. Sunayen da suka yi fice a wannan sana'a akwai Aiphone na Japan, Commax na Koriya ta Kudu, Legrand na Faransa, Hikvision da Dahua na ƙasar Sin. Akwai kuma tarin marasa suna a kwali, waɗanda in sun lalace ko mai shagon ba ya iya gaya maka inda za a samo kayan gyaransu.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: ga gidan zama, a ja waya. Na san mara waya, irin mai intanet ɗin nan, tana da daɗin ji, ba fasa siminti, ba haƙa rami. Amma katangar bulo da ƙofar ƙarfe suna cinye siginar, ga kuɗin data da ke ƙarewa ba sallama. Baƙo ya danna, saƙon ya tafi yawon duniya kafin ya iso aljihunka, ka duba ka tarar ya gaji ya tafi. In kana son ta kira wayarka, nemi wadda ke da allo a cikin gida haɗe da waya, kiran wayar hannu ya zama ƙari.

Sai inda za a kafa ta. A jikin ginshiƙi, ba a jikin ƙyauren da ke motsi ba, domin kullum ana buga ƙyaure, kuma kowane bugu yana sassauta wani abu a ciki. Tsayi kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, daidai fuskar mutum matsakaici. Wani mai gyaran zai ɗaga ta sama sosai wai don yara, sai ka ga saman hular baƙo kawai kake gani, tsohuwa kuma hannunta bai kai ba. A duba rana. Ƙofar da ke kallon gabas, da safe ranar tana bayan baƙo, fuskarsa za ta fito baƙi ƙirin a allo. Mai kallon yamma haka take yi da la'asar. Maganin shi ne a ɗan karkata akwatin, ko a sa shi a gefen ginshiƙi, a yi masa rumfa. Da dare yawancinsu suna gani cikin duhu, amma hoton fari da baƙi ne, kuma na kusa kawai. Ƙwan fitila ɗaya a saman ƙofa ya fi kowace dabara.

Yanzu ga abin da ke kashe su a ƙasar nan. Daminar Paraku da Jugu ba irin ta Maraɗi ko Katsina ba ce. Ruwa yana farawa tun wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba, ya haura milimita dubu a shekara, kuma iska ce ke kora shi a kaikaice ya daki bango. Yana ɗaukewa hunturu ya shigo da ƙurarsa, ta toshe ƴan ramukan da murya ke bi. Don haka in za ka saya, juya kwalin ka nemi haruffa biyu, IP, da lambobi biyu a bayansu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In ka ga IP65, ƙura ba ta shiga, kuma tana jure feshin ruwa. In babu wannan rubutu sam, ta cikin falo ce, kada ka yarda a manna maka ita a titi. Wajen liƙe gefenta da bango kuma akwai sirri: a shafa silikon a sama da gefe biyu, a bar ƙasan. Wanda ya liƙe duka huɗun ya tsare raɓar da ta taru a ciki, ta rasa mafita, ta ci allon lantarkin a hankali. Wayar ma ta ƙasa za ta shigo, a ɗan lanƙwasa ta, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga kafin ya kai akwatin. Kada a manta da maƙwabtanmu ƙanana. Zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale, tsaka tana son ɗumin lantarki, tururuwa kuma sai ta kwaso iyalinta duka. Duk ramin da ba shi da aiki a toshe shi.

Maganar waya ita ce uwa uba, kuma nan ne ake cin amanar masu gida, domin abin da ke cikin ƙasa ba mai gani. Ba a fafe gora ranar tafiya: in kana ginin katanga yanzu, ka sa magini ya binne bututun roba daga ginshiƙin ƙofa zuwa cikin gida, ko da ba ka da niyyar sayen komai bana. Bututun ya zama nata ita kaɗai. In aka cusa ta tare da wayar wutar gida mai volt 220, za ka riƙa jin gurnani a cikin murya, hoton kuma ya yi ta rawa. Kada a yi haɗi a ƙarƙashin ƙasa. Waya guda ce daga ƙofa har allo. Duk ƙullin da aka naɗe da salatif aka binne, damina ɗaya ta ishe shi. Mai hoto ta gama-gari tana tafiya da zare huɗu: ɗaya na murya, ɗaya na hoto, biyu na wuta. In tazarar ta yi nisa kuma zaren siriri ne, wutar tana raguwa a hanya. Alamar ita ce ka ji murya ras, ka danna a buɗe, makulli ya yi ɗan ƙara ya ƙi saki. Mai aiki da kebul irin na kwamfuta kuwa iyakarta mita 100, in an wuce sai an sa wata na'ura a tsakani. Sannan a kula da jabu. Akwai wayar da ake sayarwa da sunan tagulla, alhali alminiyom ce aka yi mata wanka. Kankare ta da wuƙa a gaban mai shago. In cikinta ya fito fari, mayar masa. Araha ba ta ado.

Makulli iri biyu ne, kuma bambancinsu ya kamata kowane maigida ya sani da kansa, kada ya bar wa mai gyara zaɓi. Na farko shi ne wanda suke kira gash. Yana zaune a kulle, sai an turo masa wuta ta volt 12 na ɗan lokaci ya saki harshen makullin. In an ɗauke wuta yana nan a kulle, ka buɗe da mabuɗi. Na biyu na maganaɗisu ne, wutar ce ke riƙe shi. Tana ɗaukewa ƙofa ta saki. Wannan an yi shi ne don ofisoshi da wuraren taro, inda ake son jama'a su fice in gobara ta tashi. A ƙofar da ke kallon titi, a garin da wuta ke iya ɗaukewa da ƙarfe biyun dare, ka ga ai ɓarawo ba sai ya wahala ba. A sa gash, a ƙaramar ƙofar mutane, a bar babbar ta mota da sakatarta. Amma daga ciki dole ƙofar ta buɗu da hannu ko babu wuta. Iyali ba fursunoni ba ne. In kuma an sa maɓallin fita, a nisanta shi daga inda hannu zai iya zurowa ta tsakanin ƙarafa.

A haɗa mai walda da mai lantarki rana ɗaya. Ƙarfe yana miƙewa da zafin Maris, ƙyaure yana sunkuyawa in ya kwana biyu, harshen makulli ya daina haɗuwa da raminsa. In babu ɗan sarari da aka bari, za ka ga baƙo yana tura ƙofa da kafaɗa kai kuma kana ta danna maɓalli, kowannenku yana zargin ɗan'uwansa.

Wuta kuma, ko ta kamfanin SBEE ce ko ta hasken rana, a tanadi batir. Ƙaramin nan na volt 12 da ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta ya isa ya riƙe ta na wasu awanni, domin ba ta da ci. Ba ɗaukewar wuta kaɗai ba, katin mita ma yana ƙarewa ranar da ba a zata ba. Ga tsawa: doguwar waya daga ƙofa zuwa ɗaki tana janyo bugunta ko da ba a gidanka ta faɗi ba. A sa abin kariya a inda wuta ke shiga, a kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa.

An gama kafawa, sai saiti. Ƙarar kira ta kai har madafa da wurin wanki, domin can ne mutanen gida suke, ba a falo ba. A zaɓi ƙara mai natsuwa. Ba daɗi a yi ta sallar asuba ƙofa tana kiɗa. Lokacin sakin makulli daƙiƙa uku zuwa biyar ya wadatar. In gidan haya ne, kowane ɗaki da maɓallinsa, kuma a gari irin namu da ake jin Dendi da Bariba da Fulfulde da Nago da Hausa a layi ɗaya, a Jugu ma a ƙara da Yom da Lokpa, lamba ko launi sun fi rubutun Faransanci amfani. Sai tambayar da babu ita a takardar kamfani: a ɗakin wa za a sa allon? Mai mata biyu ya san abin da nake nufi. In ka sa a ɗakin uwargida, amarya ta ce ita baƙuwa ce a gidan; in ka sa a na amarya, Allah ya ba ka sa'a. Yawancin na'urorin suna karɓar allo na biyu da na uku. Ko ka ƙara kuɗi, ko ka kafa shi a barandar da kowa ke bi.

Mai intanet tana da nata kashedin. Tana iya zuwa da kalmar sirri ta kamfani, wadda duk mai irin na'urar ya sani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya, ba da wata gwaninta ba, sai don masu su ba su canza kalmar da suka zo da ita ba. Ka canza taka da hannunka bayan mai gyara ya gama, ka kuma tabbatar ya cire ta daga wayarsa. Mutumin kirki ne, na yarda, amma wayarsa tana iya ɓata, kuma mabuɗin gidanka ne a ciki. Ka duba inda kyamarar ke kallo. Bakin ƙofarka naka ne, ƙofar maƙwabci da masu shiga gidansa ba naka ba ne. Dokar harkokin sadarwar zamani ta Benin, mai lamba 2017-20, ta tanadi kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar APDP da ke kula da wannan. Kafin a kai ga hukuma ma, haƙƙin maƙwabtaka ya isa.

Wani abu da na lura, na'urar nan ta zo ta tarar da ladubban da suka girme ta. Aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur sun yi umarni da neman izini da sallama kafin shiga gidan wani, da komawa in an ce a koma. Hadisi ya iyakance neman izinin sau uku, wato ba a ɗora yatsa a maɓalli a manta da shi. Kuma an ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya ƙwanƙwasa ƙofar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambayi wane ne, ya amsa da cewa shi ne ba tare da faɗin suna ba, kuma ba a so wannan amsa ba. Yau ma ka ɗaga ka ce “Wane ne?” sai ka ji “Ni ne.” Kai wa? A wuri ɗaya ne abin ya juya. An koya mana mu tsaya a gefen ƙofa don kada ido ya faɗa cikin gida. Yanzu ƙofar a rufe take ruf, idon kuma na masu gida ne, don haka ladabin shi ne ka fuskanci kyamarar, ka cire hular kwano in kana kan babur, a gan ka.

Maigida ma da nasa. A dā mai gudun bashi sai ya aiki yaro, yaron kuma ya tona shi: “Baba ya ce wai ba ya nan.” Allo ba ya tona kowa. Kana kallon mutum tsaye cikin rana, yana share gumi, ka yi lamo kamar ba kowa. Wannan ya fi ƙaryar yaron muni, domin an ba ka damar ka ce masa ya dawo anjima, kuma ba laifi a ciki. Tun da an rushe zauren, ko ɗan dakali da rumfar kwano a yi a bakin ƙofa, mai jiran a buɗe ya samu inda zai fake.

Na koma gidan abokin nawa bayan mako biyu, na tarar ya kira wani saurayi mai aikin lantarki. Da aka kwance akwatin, gidan zanzaro ne cike da rabinsa. Aka bi waya, aka same ta binne tsirara ba bututu, da ƙulli biyu naɗe da salatif, duk sun yi kore. Aka haƙa, aka sa bututu, aka ja sabuwa, aka yi wa akwatin rumfa. Na fita waje don gwaji, na danna, na ji muryarsa tangaran: “Wa ke sallama?” Na faɗi sunana, makulli ya saki. Ina tura ƙofa sai ga ƙaramin jikansa ya taho a guje ba takalmi. Hajiya, mahaifiyar maigidan, tana jin ƙarar daga ɗakinta ta tashe shi, wai ya je ya dubo mata wane ne.